Shingen Dare da Direba Mai Maye: Lacca ga Hakimai da Malamansu

Da wuya a sami Hakimin da hanyar mota ta ratsa ƙasarsa wanda ba a taɓa tashinsa da tsakar dare da labarin haɗari ba. Yaron Dagaci ya zo a sukwane bisa babur, ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce mota ta faɗa ƙarƙashin gada, ko kuwa ta kwashe masu komowa daga kasuwa. Kafin gari ya waye an jera gawa a zaure an rufe da tabarmi, Malamin Hakimi yana laluben aljihuna da tocila, yana neman takardar da za ta nuna sunan mutum da garinsu. In an tambayi abin da ya faru, a kan ce taya ta fashe, ko birki ya tsinke, ko saniya ta gitta. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa waɗanda suka ciro direba daga cikin ƙarfe sun ji abin da hancinsu ya ji, ko sun tarad da ƙwayoyi cikin aljihunsa, suka ja bakinsu suka yi shiru don kada su ɓata sunan gidansu.

Abin da za a yi magana a kansa a nan shi ne aikin da 'yan sanda su ke yi da dare bisa hanyoyin karkara don hana mutum ya hau mota ko babur yana cikin maye. Za a duba dalilin da ya sa aikin ya ci nasara ya daɗe a wata ƙasa, a wata kuwa ya yi tashin gishirin andurus ya kwanta. Daga nan za a ga inda hannun Hakimi ya shiga cikin al'amarin, ko don gyara ko don ɓarna.

Da farko ya kamata a san abin da barasa ke yi wa mai tuƙi, gama mutane da yawa suna tsammani mai maye shi ne mai tangaɗi yana surutai. Wannan ai ya riga ya yi nisa, sau da yawa ma ba ya iya tad da mota. Wanda a ke tsoro shi ne wanda ya sha daidai yadda zai ji ƙarfin zuciya, yana magana sarai, yana tafiya sak, ga shi kuwa idonsa da ƙafarsa sun daina jituwa. Barasa ba ta tsayawa a ciki. Ta kan ratsa hanji ta shiga jini, jini ya kai ta ƙwaƙwalwa, kuma cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi ta kan kai iyakar ƙarfinta. Abin da ta kan fara taɓawa shi ne hankalin da mutum ya ke auna haɗari da shi. Sa'an nan ta ƙuntata ganinsa, ya riƙa ganin gabansa kaɗai ban da gefe, kuma in fitilar wata mota ta kashe masa ido sai ya daɗe bai farfaɗo ba. Ga barci kuma, wanda ko lafiyayye ya kan yi fama da shi tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba.

Lissafin ba shi da wuya, kowane Malamin Hakimi yana iya yinsa a bayan ambulan. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda. Fitilar ƙasa ba ta cika nuna abin da ya wuce mita 50 ko 60 ba. In amalanke ya bayyana cikin hasken, direba mai hankalinsa ya kan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta taka birki, watau mita 22 sun tafi, sa'an nan mota ta ja wajen mita 35 bisa busasshiyar kwalta kafin ta tsaya. Da kyar ya sha ke nan. To, in maye ya ƙara masa daƙiƙa ɗaya tak, zai isa wurin amalanken nan yana gudun fiye da kilomita 60. Wannan kuwa bisa kwalta ne mai kyau. Bisa hanyar burji, ko da damina, ko da tayoyin da suka suɗe, abin ya fi haka muni.

Akwai wata ƙarya da ta yi jijiya a tashoshin mota, cewa goro, ko baƙin shayi, ko wanka da ruwan sanyi, suna sakin maye. Ba sa saki. Hanta ce ke ƙone barasa, kuma tana da gwargwadon da ba ta wucewa ko an ci goro ƙwarya guda. Likitoci suna auna barasa da miligiram nawa ne cikin mililita 100 na jini. Domin sauƙi, a nan za a riƙa cewa awo 50 ko awo 80. Hanta ta kan rage wajen awo 15 a sa'a. Saboda haka wanda ya kwanta da awo 150 da ƙarfe goma sha biyun dare, in ya tashi da ƙarfe shida ya ɗauki 'yan kasuwa, har yanzu da sauran wajen awo 60 a jininsa, ko da ya wanke fuska ya sa farar riga.

Shekara da shekaru hukuma ba ta da hanyar tabbatad da maye sai shaidar ɗan sanda da ta likita. A kan sa mutum ya taka layi, ko ya taɓa hancinsa da yatsa ido a rufe, lauya kuma ya zo kotu ya ce gajiya ce. Ƙasar Norwe ce ta fara raba gardama cikin 1936, ta ce duk wanda aka sami awo 50 a jininsa yana tuƙi ya yi laifi, ko ya yi tangaɗi ko bai yi ba. Cikin 1954 wani ma'aikacin 'yan sandan jihar Indiyana ta Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar da a ke busawa ta nuna awon barasa, tun da ya ke kaɗan daga barasar da ke cikin jini ta kan fito tare da numfashi ta huhu. Shi ne kuma ya shugabanci binciken da aka yi a garin Grand Rapids, aka buga cikin 1964, inda aka gwada direbobin da suka yi haɗari da waɗanda suka bi hanyoyin nan lafiya. Shi da binciken da suka biyo bayansa sun nuna abu ɗaya: daga awo 50 haɗari ya fara hawa, a awo 80 ya riɓanya, a awo 150 kuwa ya wuce ninki goma.

Da aka sami doka da ma'auni sai aka zaci magana ta ƙare. Abin da ya faru a Ingila ya nuna ba ta ƙare ba.

Cikin 1967 Ministar Sufuri ta Biritaniya, Barbara Castle, ta kawo doka mai iyakance awo 80, ta ba 'yan sanda ikon sa direba ya busa a bakin hanya. Abin busawar na lokacin wani ɗan bututun gilashi ne da jaka a ƙarshensa, a ciki akwai gari rawaya wanda ya kan koma kore in ya gamu da barasa. Ta sha zagi ƙwarai, masu gidajen giya suka tashi a kanta, har da takardun barazana, ana yi mata gorin ita ko tuƙi ba ta iya ba. Da farko ta so a ba ɗan sanda ikon tsai da kowa, amma aka yi ta ƙorafi har aka cire wannan daga dokar. Abin da ya rage shi ne ba za a auna mutum ba sai an yi zarginsa, ko ya karya dokar hanya, ko ya yi haɗari. Dokar ta fara aiki cikin Oktoba 1967, kuma da ya ke jaridu sun cika ƙasa da labarinta, tsoro ya kama mashaya. Cikin shekara ta farko waɗanda suka mutu bisa hanya suka ragu da fiye da mutum 1,100. Wani masani Ba'amurke, Laurence Ross, ya bi lissafin sa'a sa'a, ya ga raguwar ta fi yawa a daren Jumma'a da na Asabar bayan an tashi daga mashaya, inda da farko ta wuce rabi, alhali da safe da maraice lokacin zuwa aiki da komowa kusan ba abin da ya sake. Wannan ya tabbatar dokar ce ta yi aikin. Amma ya ga wani abu kuma: kafin 'yan shekaru kaɗan amfanin ya zaizaye. Dalili kuwa a fili ya ke. Mutum ya sha ya tuƙa ya isa gida ba wanda ya tsai da shi, ya sake, ya kuma sakewa, ya gaya wa abokinsa. Sannu sannu kowa ya gane dodon bango ne.

Mutanen Ostiraliya su ne suka ɗauki abin da Ingila ta yar. Jihar Biktoriya, wadda birnin Melbon ke cikinta, ta sa iyakar awo 50 tun 1966, cikin 1976 kuma ta ba 'yan sanda ikon tsai da kowace mota su sa direba ya busa ba tare da wani zargi ba. Da farko jifa jifa suka riƙa yi, amfanin kuma ya zo jifa jifa. Jihar New South Wales, inda birnin Sidni ya ke, ita ce ta shiga aikin da ƙarfinta ran 17 ga Disamba 1982. Cikin shekara ɗaya aka auna kusan direba miliyan guda, watau kamar mutum ɗaya cikin kowane uku masu lasin, ana kuma ta shela a rediyo da talabijin. Yadda a ke yi shi ne a kafa shinge mai haske a fili, a karkatar da motoci gefe, direba ya busa yana zaune bisa kujerarsa, in ba kome ya wuce kafin minti guda. Ba a tambayarsa ko shi wane ne. Alƙali ya busa, malamin makaranta ya busa, direban tirela ya busa, wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba shi ma ya busa. Wanda ya ƙi busawa kuwa laifinsa daidai da na wanda aka samu da maye mai yawa. Mutuwar da barasa ke jawowa bisa hanya ta faɗi da wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma ba kamar ta Ingila ba, ta zauna a ƙasa shekaru da yawa.

Masanin da ya fi bin diddigin wannan aiki, Ross Homel, ya kwatanta tsoron hukuma da ruwa cikin guga mai huda. Duk daren da mutum ya tuƙa da maye ya isa gida lafiya, ruwan ya ragu. Duk ranar da aka tsai da shi, ko ya ga an tsai da na gabansa, ko maƙwabcinsa ya ba shi labari, an ƙara ruwa. In an daina zubawa guga ta bushe, kome tsananin hukuncin da ke rubuce cikin littafin doka. Ya kuma lura da wani amfani da ba a zata ba. Mashayi ya kan ji kunyar abokansa in ya ce ya ƙoshi, sai su yi masa ba'a. Da shinge ya yawaita sai ya sami abin fakewa, ya ce akwai 'yan sanda a hanya, ba mai ganin ragwancinsa.

Nan ne mutane da yawa su kan yi kuskure, har da manyan ma'aikata. Su kan auna shinge da yawan waɗanda aka kama. Cikin 1986 aka kafa wani shinge da tsakar dare a gundumar Saginaw ta jihar Mishigan a Amurka. Cikin sa'a ɗaya da kwata motoci 126 suka bi ta wurin, kowace ta tsaya wajen daƙiƙa 25, aka kama mutum biyu. Aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, masu ƙara suna cewa an takura wa mutum 124 don a sami biyu. Cikin 1990 kotun ta ce shingen bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba, ko da ya ke daga baya kotun jihar Mishigan ta hana shi bisa nata tsarin. Abin lura shi ne waɗannan 124 ba asara ba ne. Su ne masu kai labari gida da wurin aiki. Shingen da ya auna mutum ɗari uku bai sami ko ɗaya ba, mai yiwuwa ne ya fi kowane aiki, don masu maye sun ji labarinsa tun da la'asar sun bar mota a gida.

Duk wannan a birni ya fi sauƙi. Karkara kuwa wani abu ce dabam, kuma ita ce ta shafi Hakimai.

Daga ƙarshen 1989 Biktoriya ta fito da manyan motocin awo, kowace kamar caji ofis ce mai tafiya, da fitilu da ɗakin awo na biyu a ciki. Tare da su aka sa na'urorin kama masu gudu, aka kuma cika talabijin da hotunan haɗari masu tad da hankali. Mutum 776 suka mutu bisa hanyoyin jihar cikin 1989, cikin 1992 kuwa 396. Ba motocin awo kaɗai suka jawo haka ba, amma suna da babban rabo. Da aka ga haka sai aka tura su ƙauyuka daga ƙarshen 1993. A nan aka gamu da abin da kowane Dagaci zai iya faɗa musu tun kafin su tashi. Ƙatuwar mota mai fitilu ba ta shiga ƙaramin gari a ɓoye. Kafin ta gama fakin labari ya kai mashaya. A birni mai maye ya kan hau motar haya ko jirgin ƙasa. A ƙauye babu, gidansa kuma yana da nisa, saboda haka sai ya tad da motarsa ya bi ɓarauniyar hanya ta bayan gonaki, wadda ba kwalta, ba alama, ga kwana ga itatuwa. Masu bincike na Jami'ar Monash sun sami alamar cewa a wasu wurare haɗari ya ƙaru bisa ƙananan hanyoyi a dararen da a ke aiki mai ƙarfi bisa babbar hanya. Watau an kori mutum daga hanya mai kyau an tura shi mummuna. Shawarar da suka bayar ita ce duk sa'ad da aka kafa shinge bisa babbar hanya, a sa ƙananan motocin sintiri bisa ƙananan hanyoyin da ke kewaye ta. An kuma koyi cewa a karkara gara shinge ya riƙa tashi yana sake wuri da sa'a, kada a san inda zai kwana gobe.

Ba lalle sai da runduna ba. A jihar West Virginia ta Amurka, ƙasar duwatsu da ƙananan garuruwa, an gwada shinge da 'yan sanda uku zuwa biyar kaɗai, ana kafawa kowane mako cikin gundumomi biyu. Sakamakon da aka buga cikin 2006 ya nuna masu tuƙi da maye da dare sun ragu ƙwarai in an gwada da gundumomin da ba a yi ba. Kaɗan da ba ya yankewa ya fi gayya sau ɗaya a shekara da salla ko Kirsimeti.

To, in an komo Arewacin Nijeriya, doka ba ta rasa ba. Tuƙi cikin mayen barasa ko na ƙwaya laifi ne, kuma ban da 'yan sanda akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa cikin 1988, da Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta 1989. Wani Hakimi zai ce wannan magana ba ta shafi ƙasarsa ba, tun da jiharsu tana cikin goma sha biyun da suka ɗauki shari'ar Musulunci daga 1999, an hana sai da giya. Wannan tunani yana da haɗari. Inda aka rufe mashaya, mai sha ya kan tafi inda ba a rufe ba, ko wani gari ko ƙetaren iyakar jiha, ya sha da gaggawa, ya komo da dare don kada a gan shi. Tafiyarsa ta ƙara nisa ke nan, cikin duhu. A garuruwan da a ke dafa burkutu da fito kuwa, ranar kasuwa ita ce ranar sha, kuma da magariba 'yan acaɓa da a-kori-kura su ke kwasar mutane.

Ban da haka, abin da ya fi addabar direbobin ƙasar nan sau da yawa ba ya wari. Tiramol ne, da maganin tari mai kodin, da wiwi, da ƙwayoyin hana barci waɗanda mai doguwar tafiya ya kan haɗiya don ya kai tumatir ko shanu Kudu kafin su lalace. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya cikin shekara guda. Cikin Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Na'urar busawa ba ta ganin ko ɗaya daga waɗannan, barasa kaɗai ta sani. Biktoriya ta fara awon miyau a bakin hanya cikin Disamba 2004 don wiwi da wasu ƙwayoyi, amma wannan yana da tsada. Inda babu shi, sai ɗan sanda ya dogara ga idonsa: ƙwayar idon direba, da nauyin harshensa, da rawar hannunsa, sa'an nan a kai shi asibiti likita ya duba. Ko ba a kai ga kotu ba, in an karɓe makulli aka sa shi ya kwana a wurin, fasinjojinsa sun tsira a daren nan.

Akwai wata matsala wadda Ostiraliya ba ta sani ba, ba kuwa amfanin a rufe ta. Mutanen ƙasar nan sun daɗe ba su yarda da shinge ba. Wani shingen na karɓar na goro ne, har cikin 2012 Sufeto Janar na 'Yan Sanda Mohammed Abubakar ya ba da umurni a rushe shingayen hanya ko'ina. Wani kuwa ba na hukuma ba ne sam, 'yan fashi ne ko masu satar mutane suka jera duwatsu suka sa kaki. Direban da ya hango tocila a dokar daji da ƙarfe ɗayan dare yana da dalilin da zai taka totur. Saboda haka shingen awo dole ya bambanta da sauran tun daga nesa. A kafa shi a bakin gari, kusa da makaranta ko asibiti ko gidan mai, inda akwai haske da idon jama'a. A ga motar hukuma da lambarta, a ga alama tun kafin a iso, ma'aikata cikin cikakken kaki da sunansu a ƙirji, da babba guda da zai amsa tambaya. Kada a nemi takardun mota, kada a buɗe kaya, kada kuɗi ya wuce daga hannu zuwa hannu. Ranar da direbobi suka gane ana sayen hanya da naira ɗari biyar, shingen ya zama kuɗin fito, mai maye ya ware nasa tun daga mashaya. In Hakimi ya sa wakilinsa ya zauna a wurin, ko wani dattijo daga ƙungiyar direbobi, ya kan zama kariya ga direba da ɗan sanda baki ɗaya. Inda hanya ba ta da lafiya da dare kuwa, gara a yi awon a ƙofar tasha da bakin kasuwa kafin mota ta tashi.

Hakimi ba shi da ikon kamu ko na yanke hukunci. 'Yan dokan En'e an haɗe su da 'yan sandan Nijeriya tun zamanin mulkin Janar Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ɗauke mulkin yau da kullum daga hannun sarauta. Amma yana da abin da baƙon ɗan sanda da aka turo jiya ba shi da shi. Ya san ranar kowace kasuwa da sa'ar tashinta. Ya san gidan da a ke biki, da shagon da a ke sai da ƙwaya ta bayan kanta, da ɓarauniyar hanyar da ta bi ta bayan maƙabarta ta ɓulla gaban gada. Abin da masanan Monash suka kashe shekaru suna nema, Mai Unguwa ya san irinsa a ƙasarsa da ka.

Aikin Malamin Hakimi a nan shi ne ya mai da wannan sani rubutu. Ya keɓe littafi guda don haɗarin hanya. Kowane haɗari ya rubuta kwanan wata, da ranar mako, da sa'a, da wurin daidai, da irin abin hawa, da inda ya fito, da ko ranar kasuwa ce ko biki, da adadin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni. Ya rubuta har da wanda aka sasanta a gida ba a kai caji ofis ba, da wanda ya cika bayan kwana uku a asibiti, don waɗannan ne su kan ɓace daga lissafin hukuma. Kada ya rubuta wane mashayi ne, wannan ba hurumin Malami ba ne, kuma yana iya jawo ƙara. Ya rubuta abin da shaidu suka gani da abin da suka ji. Bayan shekara guda, in an buɗe littafin gaban Baturen 'Yan Sanda na yanki, shi da kansa zai nuna daren da ya kamata a fito da kwanar da ya kamata a tsare.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. An ga cewa ƙarfin shinge duk yana wurin tabbacin cewa ba wanda zai wuce. A birni ɗan sanda bai san wanda ya tsayar ba. A ƙauye ya sani sarai, ya san ubansa, watakila ma a gidansu ya ke haya. In an kama yaro da ƙarfe ɗayan dare, kafin a idar da sallar asuba dattawa sun cika zauren Hakimi. Su ce ɗan wane ne, bai taɓa yi ba, aurensa saura mako biyu, in an kai shi kotu gidan ya tozarta. Abin da su ke roƙo kalma ɗaya ce ta waya. Hakimi kuwa uban ƙasa ne, rufin asirin talakawansa yana cikin abin da aka naɗa shi dominsa, kuma ƙin dattijo a zaure ba ƙaramin abu ba ne. Ba wanda zai ce wannan da sauƙi. Amma ya kamata ya san abin da kalmar nan za ta saya. Kafin azahar duk tasha ta ji an saki ɗan wane. Ɗan sandan da ya kwana tsaye cikin sanyi ya koyi cewa kama mai gata wahalar banza ce, gobe sai ya zaɓi wanda zai tsayar. Direbobi su kuma su koma lissafin wa su ke da shi a fada. Aikin wata shida ya zube da safiya ɗaya, kuma mota ta gaba da za ta kwashe masu komowa daga kasuwa, a zauren nan za a jera su.

Hanyar da ta fi sauƙi ga Hakimi ita ce ya ɗaure kansa tun kafin a kama kowa. Ya tara Dagatai da Masu Unguwa, da limamai da shugabannin coci inda akwai su, da Sarkin Kasuwa da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa, ya faɗa a gabansu cewa za a riƙa awo da dare cikin ƙasarsa, ba za a faɗi rana ko wuri ba, kuma shi ba zai roƙa wa kowa ba, ko ɗan cikinsa. A maimaita a masallatan Jumma'a da tashoshi, Malami ya rubuta cikin littafin taro da sunayen waɗanda suka halarta. Ranar da dattawa suka zo, ba ƙinsu ya yi ba, alkawarin da ya ɗauka a gabansu ya ke cikawa. Akwai kuma abin da zai iya yi wa yaron ba tare da ya taɓa shari'ar ba: ya aika a ga ba a dake shi ba, ba a karɓi kuɗi a hannunsa ba, an ba da belinsa bisa ƙa'ida, an kai shi gaban alƙali cikin lokacin da doka ta yanka. In kuma motar Hakimi ce ta iso shingen, direbansa ya shiga layi ya busa kamar kowa, shi yana zaune a baya, mutane suna gani.